Fil Ɗin da Ya Ɓata

Daren Lahadi, Yuli ta gota tsakiya,
zafi ya danne garin Dover kamar jiƙaƙƙen bargo.
Odessa Truitt na zaune a bakin kujera,
ta ƙi jingina.
Mijinta Elwood sai murɗa eriyar talabijin yake,
hoto ya zo, ya gudu, ya dawo da yayyafi a fuska.

Maƙwabta sun cika falo har ƙofa,
wani da kwalbar lemo, wata da jariri a kafaɗa.
Kowa wata ya zo gani.
Ita ɗinkinta ta zo dubawa.

Shekara goma sha ɗaya tana taka keke a masana'anta.
Da rigar mama ta fara.
Wata safiya aka shimfiɗa mata yadi fari fat,
aka ce mutum zai sa shi inda babu iska.
Ta yi dariya. Ba wanda ya taya ta.

Shafi ashirin da ɗaya, wani bisa wani,
wani ko ɓawon albasa ya fi shi kauri.
In allura ta kauce da faɗin gashi,
a farke, a koma farko.
Da safe a ƙirga mata fil a tafin hannu,
da yamma ta mayar da su cif.

Ran wata Laraba cikin Maris
ta ƙirga, ɗaya babu.
Aka share ƙasa, aka zazzage aljihu,
aka haska rigar da na'ura mai ganin ƙashi,
aka ce ba komai ciki, je ki gida.
Ta je gida, barci bai biyo ta ba.
Wata huɗu fil ɗin nan na sukar ta daga ciki.

Yanzu ga ƙafa tana laluben tsani
kamar mai shiga rafi da duhu.
Mutumin ya faɗi wata magana,
falo ya kaure, Elwood ya zare tabarau yana goge ido.
Odessa ko kalma ba ta tsinta ba.
Idonta na kan gwiwa,
daidai inda yadi ke karyewa,
inda ta bi da zare sau uku ranar da kanta ke sarawa.

Na biyu ya sauko. Can sai ga tsalle.
Tsalle! Manya da su!
Ta ce a ranta, a hankali dai, 'ya'yan mutane,
ba don wasa na ɗinka ba.
Tsakanin jininku da wannan baƙin sarari
ba kowa sai yatsun nan nawa,
masu feren dankali, masu tsifar kan Marnie.

Awa biyu da 'yan kai ko ruwa ba ta kurɓa ba.
Sai da suka hau, suka ja ƙofa,
ta ji ashe ƙafarta ta mutu.

Baƙi suka watse. Ta kwashe kofuna.
Marnie ta ɓingire a ƙasa, baki buɗe.
Ta jawo rigar sanyinta daga bayan ƙofa,
rabonta da ita tun sanyi na ban kwana,
za ta naɗe wa yarinyar matashi,
sai wani abu ya cije ta a ɗan yatsa.

Ga shi kwance abinsa cikin kalmasar hannu,
ɗan siriri, kansa shuɗi,
launin da aka ware mata.

Ta tsotse jinin. Ta fita baranda ba takalmi.
Watan ma ya daɗe da faɗuwa,
sai kukan gyare da ƙamshin yankakkiyar ciyawa.
Duk da haka ta ɗaga fil ɗin sama,
ta nuna wa inda take zaton suke.

Sannan ta soke shi a wuyan rigarta.
Litinin ta riga ta shigo.
Ƙarfe bakwai za a yi ƙirga,
yau da ƙarin ɗaya za ta je musu.